Tagar da Tuta Ta Rufe

Ɗakin Gwaggo shi ne na farko in ka shigo gidan, a hannun dama, ƙarƙashin barandar bene. Da can wurin ajiye tsofaffin tayoyi ne da gwangwanayen fenti. Taga ɗaya gare shi, tana kallon titi, kuma a gindin tagar keken ɗinkinta yake, domin nan kaɗai haske ke sauka. Bayan keke sai gado, sai akwatin kayanta, sai buta a bayan ƙofa. Tun da mijinta ya rasu ƙaninta ya ɗauko ta ya ajiye a nan, kuma bai taɓa gajiya da faɗa wa baƙi cewa shi ya ɗauko ta ba.

Ƙanin nata shi ne shugaban kwamitin da ke shirya bikin ranar 'yancin ƙasa a unguwar. Kowa Ciyaman yake ce masa, har matarsa, wadda ita kuma ake kira Madam. Gwaggo ce kaɗai ke kiransa Auta, don ita ta goya shi. Kowace shekara alƙalai kan zagaya layi-layi ranar bikin, su ba da kofi ga gidan da ya fi ado da tuta. Kofin ya daɗe a falon Ciyaman, har bara da mai gidan man da ke bakin titi ya ƙwace shi. Tun daga ranar Ciyaman bai ƙara shan mai a wurinsa ba.

Babu laifi mutum ya so tutar ƙasarsa. Gwaggo ma tana sonta. Duk ƙananan tutocin da yaran layin ke kaɗawa ranar biki daga kekenta suke fitowa, kuma in ta ji taken ƙasa a rediyo takan tsayar da ƙafarta har a gama.

Bana, biki na matsowa, sai ga Ciyaman da leburori biyu ɗauke da bandir-bandir na yadi.

"Yaya, wannan karon sai kin nuna musu," ya ce. "Daga rufin bene har gindin bango nake so ta sauko. Faɗinta kuma daga wannan kusurwa zuwa waccan."

Gwaggo ta shafa yadin. "Auta, tuta za a ɗinka ko gidan za ka sa wa riga?"

"Ki daina ce mini Auta a gaban ma'aikata."

"To, Ciyaman. Amma fa idon nan ya fara yi mini gardama. Jiya sai da na jira Maman Biyu ta zo ta zura mini zare a allura."

Ya yi dariya. "Ke ɗin? Ke da kike hango dattin wuyan rigata tun daga ƙofar gida? Idonki ya fi nawa, Yaya."

Ta fara aiki. Ranar da ta haɗa tsayi biyu na farko, Ciyaman ya leƙo ya ga gefen yadin yana jan daɓe a bayan keke. Ya yi tsalle ya tattare shi a ƙirji kamar jariri.

"Yaya, yanzu fa ba yadi ba ne. Tun da launi ya haɗu da launi, tuta ce. Tuta kuma ba ta taɓa daɓe. A gidan wani ma ba na yarda, balle gidana."

Ya duba ɗakin, bai ga wurin da ya isa ba sai gado. Ya yaye zanen gadon, ya sa aka kawo sabon farin zane daga sama aka shimfiɗa, ya kwantar da tutar a kai, ya gyara mata gefe.

"Ni kuma fa?" in ji Gwaggo.

"Ga tabarma nan. Kwana nawa ne? Ai an ce kwanciyar daɓe ma tana miƙar da baya."

Daga ranar tuta ta hau gado, Gwaggo ta koma siminti.

Maman Biyu, mai sayar da ƙanƙara da lemo a gidan da ke kallon nasu, ita ce ƙawar Gwaggo. Kullum da safe takan tsallako ta zura mata zare, su taɓa hira kafin masu saye su fara buga mata ƙofa. Wata safiya ta tarar da Gwaggo tana tsiyaya shayi, rabi a kofi rabi a kan tire, ita kuwa ba ta ma sani ba.

"Gwaggo, tiren ma yau ya karya kumallo."

"Ina?"

Maman Biyu ta matsa ta tsaya ta hagunta, ta ɗaga hannu tana kaɗawa kusa da kunnenta. Gwaggo ba ta juyo ba. Sai Maman Biyu ta ce ta ɗauko mayafi, asibitin ido za su.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta haska idon, ta ɗora wata na'ura a kai, ta daɗe tana dubawa, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya. Idon hagu ya riga ya tafi, babu abin da za mu iya yi masa. Na dama muke so mu ceta. Ruwan da ke cikinsa ne ya taru yana danne jijiyar gani, abin da ya danne kuma ba ya dawowa. Ga maganin ɗigawa, zai ɗan riƙe shi, amma aiki za a yi. Ki zo ranar Litinin. Bayan aikin ba sunkuyo, ba ɗinki, sai mun ce kin warke."

"Ba ɗinki har yaushe, 'yata?"

"Makonni. Wata guda ma in ta kama."

Gwaggo ta gyara mayafinta. A ranta ta riga ta lissafa cewa wata guda ya wuce ranar biki.

Da yamma ta hau bene tana dafa bango, ta tarar da Ciyaman da Madam suna cin abinci. Ta zauna a bakin kujera ta mayar musu da abin da likita ta ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ciyaman ya ajiye cokali.

"Allah ya sawwaƙe, Yaya. Aiki kam dole a yi shi. Ni zan kai ki da kaina. Amma ki bari mu sauke biki tukuna."

"Ta ce Litinin."

"Haka suke, kowa ya je sai su tsorata shi. Idon da ya kai shekarun nan yana aiki, 'yan makonni ne za su gagare shi?"

Madam ta ce, "Tsufa ne kawai, Yaya. Mamata ma haka ta yi ta ƙorafi, tabarau aka saya mata, shi ke nan. Kuma ni tsoron aikin idon nan nake. Wata a wurin aikinmu da ƙafarta ta shiga, da sanda ta fito."

"Kin ji ko?" in ji Ciyaman. "Gara a yi shi a natse. Yanzu in aka taɓa ki, wa zai ƙarasa? Na riga na faɗa a taron kwamiti. Kada ki kunyata ni a gidana, Yaya."

Ta ji kalmar nan ta "gidana" sarai. Ta miƙe ta sauko.

Washegari ya shigo mata da tabarau da ya saya a wurin mai talla a kan hanya, da wani babban ƙwan lantarki irin na shago. Shi da kansa ya taka kujera ya ɗaura shi, ya kunna, ɗakin ya yi fari fat.

"Yanzu fa? Ko ƙwayar yashi kya gani."

"Na gode," ta ce. Hasken yana sukar idonta kamar tsinke.

Ranar Litinin da sassafe Maman Biyu ta shigo da shirinta.

"Tashi mu tafi. Ba ƙafarsa za ki ara ba."

"In na tafi na bar masa aiki rabi, da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kika ceta mana."

Gwaggo ta yi murmushi, amma ba ta tashi ba. "Ke kina da gidanki, Maman Biyu. Ni a ƙarƙashin barandarsa nake. Zura mini zaren kawai."

Maman Biyu ta zura cikin haushi.

Kwanaki suka ci gaba, tuta tana girma, ganin Gwaggo yana tsukewa. Da farko gefen ɗakin ne ya ɓace mata, ya zama sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga ƙofa. Daga nan ya zama kamar ta cikin bututu take leƙen duniya: in ta ga allura ba ta ganin hannunta, in ta ga hannun ba ta ganin yadin. Ta koma ɗinki da yatsu. Tana bin kalmasa da ɗan yatsa, tana taka keke a hankali, allura ta soke ta har ta daina cewa komai, sai ta tsotse jinin ta nannaɗe yatsan da ƙyalle kada ya ɓata aiki. Maganin ɗigawa kuwa, da yake ita take ɗiga wa kanta, rabinsa a kunci yake sauka. Bai jima ba ya ƙare. Ta ba Ciyaman kwalbar ya sayo wani. Ya jefa ta a aljihun mota, ƙarƙashin ƙananan tutocin da zai raba wa makarantu.

"Auta, maganin nan fa?"

"Yau taro ya riƙe ni. Gobe."

"Auta, maganin?"

"Na biya ta kantin magani, sun rufe. Ai kin ga yadda nake, Yaya, ko abinci a tsaye nake ci. Aikin ƙasa ne a kaina."

Sai da Maman Biyu ta ji labari ta je ta sayo, ta kuma ɗauki nauyin ɗiga mata safe da yamma.

Kwanciyar siminti ba ta miƙar da bayan kowa ba. Gwaggo takan tashi da ƙugu a riƙe, ta dafa keke kafin ta miƙe. Wata rana da hantsi ta tashi za ta ɗauko almakashi, ƙafarta ta harɗe da tabarma, ta tafi gaba. Ta kai hannu ta kama abin da ta samu, abin da ta samu kuwa tuta ce. Goshinta ya bugi ƙarfen keke, tutar kuma ta zamo daga gado ta zube a daɓe gaba ɗaya.

Ƙarar ta jawo Ciyaman, wanda ke shirin shiga mota. Ya tsaya a ƙofa, ya ga yayarsa a kwance, ya ga tuta a kwance. Ya tsallake ƙafafun Gwaggo, ya tattara tutar, ya kakkaɓe ta, ya hure ƙurar da ta maƙale, ya mayar da ita gado ya gyara. Sannan ya juyo.

"Yaya, jini ne a goshinki. Kada ki matso nan, tsaya inda kike." Ya ɗaga murya. "Madam, kawo tsumma, kada ya ɗiga a kan farin."

Madam ta kawo tsumma da ruwa. Tana goge mata tana cewa, "Sannu, Yaya. Ke ma ki riƙa kula mana. Saura ƙiris aikin wata guda ya lalace."

Gwaggo ta ce, "Ku yi haƙuri."

Maman Biyu ta zo ta ga goshin. Ta rufe shagonta ta koma asibiti ita kaɗai, ta zauna a benci har likitar ta fito, ta roƙe ta. Likitar ta ɓata rai, amma ta ba da wata rana, Alhamis ɗin da ke gab da biki. Ta ce a faɗa wa Mama bayan wannan ba ta da alkawarin komai.

Wannan karon Gwaggo ta yarda. Ta ce za ta gama kafin ranar, ta ba shi kayansa, ta tafi da hankalinta kwance. Ta daina hutun rana. Abinci ya riƙa hucewa a bakin ƙofa. Ƙafarta ta kumbura a kan keke. Ranar Laraba da la'asar ta yanke zaren ƙarshe, ta ɗora hannu biyu a kan cinya, ta ce a kira Auta.

Ciyaman ya tara 'yan kwamitinsa a tsakar gida. Aka fito da tutar, kowa ya kama gefe ya ɗaga sama da ƙugu, aka buɗe ta. Ta cika filin. Mutanen suka yi ta jinjinawa, wani ya ce mai gidan mai bana sai dai ya rufe ƙofa. Ciyaman yana bin ɗinkin da ido yana murmushi, har ya kai tsayin ƙarshe. Nan murmushin ya tsaya. Ɗinkin ya karkace, ya shiga cikin launin da ke kusa da kamar faɗin tafin hannu, sannan ya dawo hanya.

"Ai daga titi ba wanda zai lura," in ji sakataren kwamiti.

"Ni na lura."

Ya sa aka mayar da ita gado, ya tsaya a kan Gwaggo.

"Yaya, tsayin ƙarshe ya kauce. Sai an farke an sake."

"Gobe ne asibiti, Auta."

"Aikin yini biyu ne. Ranar Asabar za a rataya. Ana gama biki, washegari, ni da ke, kafin su buɗe ƙofa muna can."

Maman Biyu tana bakin ƙofa da kwalbar magani a hannu. Ta shigo.

"Ciyaman, ka kai wa wani tela ya gyara. Garin nan cike yake da teloli."

"Duk aiki ya yi musu yawa. Kuma ni ba a ɗinka tutata a waje. Kowa ya san a gidan nan ake ɗinka ta, da hannun jinina. Abin da ya bambanta ni da mai odar kanti ke nan."

"To a rataya ta haka. Ido ne fa, ba rigar da za a sake ba."

"In rataya karkatacciyar tutar ƙasa a ƙofata? Ke kin san abin da tuta take nufi? Mutane sun ba da rayukansu a kanta."

"Su suka ba da nasu. Kai na wani kake bayarwa."

Ciyaman ya dube ta sama da ƙasa. "Maman Biyu, ki je ki kula da ƙanƙararki kada ta narke. Maganar gida ce."

Gwaggo ta laluba ta kama hannun ƙawarta. "Bar shi. Miƙo mini reza."

Haka Alhamis ta wuce tana farke ɗinki da reza, tana tsince guntayen zare da yatsu. Ranar Juma'a ta sake hawa keke. Maman Biyu ta bar shagonta a rufe ta zauna kusa tana riƙe mata yadi, tana cewa dama kaɗan, hagu kaɗan. Da rana ta yi tsakiya kan Gwaggo ya fara sarawa ta gefen dama, ciwo irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ɗaga kai ta ce ƙwan lantarkin ya yi zobe mai launi-launi kewaye da shi. Can sai amai. Maman Biyu ta yi maza ta tara mata bokiti, ta haura sama da gudu.

Madam ta sauko da ƙwaya biyu a tafin hannu. "Zazzaɓi ne ke yawo, yaran ma sun yi. Sha wannan, Yaya. Saura nawa?"

"Kamu uku," in ji Gwaggo.

"To ai an gama. Daure."

Maman Biyu ta ce a bar komai a tafi asibiti yanzu. Madam ta ce mota tana wurin Ciyaman, ya je karɓo lasifika. Maman Biyu ta ce za ta tsayar da tasi. Gwaggo ta ce kamu uku ne, in ta tashi yanzu duk wahalar ta tashi a banza. Ta kuskure baki, ta koma ta taka keken ido a rufe, hawaye na zuba ta gefe ɗaya, har zaren ya kai ƙarshe. Da aka gama ta ce ciwon ya ɗan lafa, a bar ta ta kwanta, gobe ta gani.

Ranar Asabar da yamma aka hau rufin bene da igiyoyi. Tutar ta sauko a hankali, ta rufe baranda, ta rufe bango, ta rufe tagar Gwaggo, ta tsaya ɗan taƙi sama da ƙasa kamar yadda Ciyaman ya auna. Layin ya cika da 'yan kallo. A ciki kuwa Gwaggo ta samu gadonta a karon farko tun fara aikin. Ta hau ta juya fuska bango, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.

Safiyar biki ta zo da ganguna da busa. Yara cikin kayan makaranta suna wucewa a jere, kowanne da 'yar tutarsa. Ciyaman ya fito cikin sababbin kaya, da ƙaramar tuta maƙale a ƙirji, ya hau ɗan dandamalin da aka kafa a ƙofar gidan. Aka sa taken ƙasa, ya ƙame, idonsa har ya kawo ruwa. Sannan ya karɓi lasifika.

"Ƙasa uwa ce," ya ce. "Wanda bai san darajar wadda ta goya shi ba, ba mutum ba ne."

Aka tafa. Maman Biyu ta ratsa ta bayan taron ta shiga ɗakin Gwaggo. Ta same ta zaune a bakin gado, ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ɗankwalin a karkace.

"Wa ke nan?"

"Ni ce."

"Yauwa. Kan ya sauka, alhamdu lillahi. Amma tutar nan ta toshe mini taga, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Ga shi kuma sun ɗauke wuta. Da lalube na yi komai."

Maman Biyu ta ɗaga kai. Babban ƙwan da Ciyaman ya ɗaura yana ci, ɗakin fari fat. Ƙofa ma a buɗe take.

"Ki taimaka ki ɗaga mini gefenta kaɗan," in ji Gwaggo. "In ga yaran da tutocinsu. Ina jin muryarsu."

Maman Biyu ta matso kusa da Gwaggo. Ta kama hannunta ta zaunar da ita a kujerar keke, ta buɗe tagar, ta fita waje. Ta tattara gefen tutar da hannu biyu ta ɗaga sama iya ƙarfinta. Ranar hantsi ta faɗa ɗakin, ta sauka a kan keke, ta sauka a fuskar Gwaggo har ƙwayar idonta tana ƙyalli.

Gwaggo tana zaune, fuskarta a tagar, tana jira.

"Maman Biyu? Ki ɗaga mana."

Daga kan dandamali Ciyaman ya hango gefen tutarsa a tattare, ga alƙalai sun iso, ga mai hoto yana saita na'ura. Ya sauko da sauri.

"Ke, sake ta. Da hannun ƙanƙara kike damƙar tuta?"

"Yayarka ba ta gani."

"Na sani, ai gobe za mu je."

"Ba ta ganin komai, Ciyaman. Ga rana a fuskarta, tana ce mini in ɗaga."

Ya leƙa ta tagar. Ya ga yayarsa. Na ɗan lokaci fuskarsa ta sauya, ya yi kamar zai kira ta. Sai sakatare ya taɓa kafaɗarsa ya ce alƙalai na jira. Ciyaman ya zare yadin daga hannun Maman Biyu, ya sake shi ya rufe tagar, ya shafa wurin da ya yamutse.

"Yau hutu ne, ba likita," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki tayar mini da hankalin baƙi. Bari su tafi."

Gidansa ya ci kofin. An ɗauki hotonsa riƙe da shi a gaban tutar, daidai inda tagar take.

Washegari ya cika alkawari, ya kai ta asibiti a motarsa mai tutoci biyu a goshi. Likitar ta haska idon dama, ta kashe fitilar, ta ce babu abin da ya rage da za a ceta. Ta tambaya me ya hana su zuwa ranar Alhamis. Ciyaman ya ce hidima ce ta yi yawa, kuma komai da lokacinsa, abin da Allah ya rubuta ba a kauce masa. Likitar ta miƙe. Ta kama hannun Gwaggo ta raka ta har ƙofa.

A mota ya ce, "Yaya, ke ma da kin faɗa mini abin ya kai haka."

"Na faɗa, Auta. Kana auna bango."

An sauke tutar bayan mako guda. Maza huɗu suka ninke ta, ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. An saya mata akwatin ƙarfe, an zuba kafur kada asu ya ci ta, an kai ta ɗakin sama inda babu danshi. Lokaci-lokaci Ciyaman kan sa a fito da ita baranda ta sha iska. Gwaggo kuwa in Maman Biyu ba ta tsallako ba, a bakin gado take yini.

Amma ba a ce Ciyaman ya manta da ita ba. Yanzu in ya yi baƙi, bayan sun ga kofi sun ga hoto, sai ya sauko da su ƙofar ɗakinta.

"Ga wadda ta ɗinka," yakan ce. "Yayata ce, ni na ɗauko ta. Idonta biyu ta ba ƙasar nan. Ku faɗa mini wane gida ne ya yi irin wannan sadaukarwa."

Baƙin sukan girgiza kai su sa albarka, Gwaggo ta amsa gaisuwa kawai. Ranar da ya kawo sababbin 'yan kwamiti ne ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Ƙasa ba ta roƙe ni ido ba, Auta," ta ce a hankali. "Kai ka karɓa."

Ciyaman ya yi 'yar dariya, ya ce wa baƙin tsufa ne, wani lokacin maganarta takan kauce. Ya jawo ƙofar ya rufe, ya ce su hau sama ya nuna musu akwatin.

Tagar a buɗe take yanzu, ba abin da ya tare ta. Kowace safiya haske yakan shigo ya kwanta a kan keken, ya yini, da yamma ya fita.